Taken da Ganga ta Tsallake

A garinmu ba a fara kokowa sai ganga ta gaishe da waɗanda suka riga. Bayan la'asar, kafin 'yan wasa su tuɓe riguna, makaɗi zai fito tsakiyar fage ya bi taken manyan 'yan kokowa ɗaya bayan ɗaya, tun daga na zamanin kakanninmu har zuwa na jiya. Wanda aka kaɗa takensa, in yana raye, sai ya miƙe ya ɗaga hannu, mata su yi guɗa, ya koma ya zauna. In ya rasu, wani daga danginsa ke tsayawa a madadinsa. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina kiran sunayen yara daga rajista kowace safiya a lakwal, wato makarantar boko, amma ban taɓa ganin rajistar da ake jin tsoro kamar wannan ba. Wanda ganga ta tsallake, ko yana zaune a wurin da babbar rigarsa, ba ya nan.

Taken ɗan kawuna yana can wajen ƙarshen jerin. Bugu uku ne kawai, kuma ko tsohuwar da ba ta taɓa zuwa kallo ba a Malanville ta san abin da gangar ke cewa: ɗora, ɗaure, tafi. A kasuwar albasa aka samo masa shi, don can yake dako tun yana saurayi, yana loda buhuna a kamiyo, manyan motocin da ke gangarawa Kudu. Makaɗin garinmu ya zo sayen albasar miya wata rana, ya tsaya yana kallon yadda yake aiki, ya manta da miyar. Wasan da ya biyo baya sai muka ji sabon kiɗa.

Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, saboda haka tun muna wasan ƙasa ya yanke hukuncin cewa ni bawansa ne, kuma har yau ba a ɗaukaka ƙara ba. Da na zama malamin lakwal mutane suka fara ce mini Mushe, wato malam da Faransanci, sai ya haɗa biyun don kada ya tauye mini haƙƙi: Mushe bawa. Ni kuwa Buhu nake ce masa. Ya girme ni da damina biyu, ya fi ni duk abin da ake iya aunawa a sikeli. Abin da na fi shi karatu ne, shi kuma bai taɓa ganin an ɗora wannan a sikeli ba.

Masana sun ce bai iya kokowa ba, kuma da gaskiyarsu. Bai iya sa ƙafa ba, bai iya zulliya ba, bai san yadda ake gajiyar da abokin karo ba. Abu ɗaya ya iya. Zai bar ka ka gama dabarunka duka, sannan ya rungume ka ta ƙugu, ya ɗaga ka har 'yan kallo su ga tafin ƙafarka. Daga nan sai abin da ke sa tsofaffi su bar gona su zo kallo: ba ya jefar da mutum. Yakan sunkuya da shi a hankali, ya kwantar da bayansa a kan rairayi kamar buhun da ake tsoron albasar ciki ta ƙuje. Na ga waɗanda ya kayar sun tashi suna dariya, suna kakkaɓe wa juna yashi. Na taɓa tambayarsa dalili, ina jiran wata magana mai zurfi da zan kai wa 'yan ajina.

"Wanda yaj jefar da kaya," ya ce, "gobe wa zai ba shi dako?"

Goron da yake samu a fage uwata yake kai wa, gwaggonsa, wadda ta tsani kokowa kuma ba ta taɓa mayar da goron ba. Takan ce da shi, "Ka dai bar ɗiyan mutane da ƙashinsu." Shi kuma ya ce, "To, Gwaggo."

Ni ne alƙalin wasa a yawancin shekarun nan. Ina da usur na motsa jikin yara, ina da agogo, kuma ana ganin wanda gwamnati ke biya ba zai yi ƙarya a kan kaye ba. Waɗannan su ne takardun shaidata duka.

Da ƙasar ta koma zaɓe, kokowa ta samu masoyan da ba ta san tana da su ba. Kowane ɗan takarar depite, wato kujerar majalisa, sai ya tuna cewa tun yana yaro yake ƙaunar wasan gargajiya. Da can wanda ya yi kaye goro yake samu da turmin atamfa, in abin ya yi kyau ɗan akuya. Yanzu sai ga sa, sai ga sabon moto, wato babur, ɗaure da ƙyalle a gefen fage. Ba a daɗe ba samari suka fara girma ta hanyar da littafin kimiyyar da nake koyarwa bai yi bayaninta ba. Wanda na sani a ajina siriri kamar sillen kara, bayan damina biyu sai ya dawo da wuya kamar turmi, fuska a kumbure, ido ja. Ana cewa nono ne da gero. Kowa ya san ƙwaya ce, 'yar'uwar wadda masu kiwon rago ke nema kafin layya, ana sayar da ita a bayan rumfunan magani. Kowa ya sani, har da mai usur, kuma duk muka ci gaba da tafi.

Kowane sansanin kokowa yana da ubangida mai ciyar da 'yan wasa, ya ba su aiki, ya sallami makaɗa. Namu na kasuwa wani Alhaji ne dillalin albasa, mutumin kirki gwargwadon yadda kasuwa ta bari. Sansanin Garou kuwa wani babban manomin shinkafa ke riƙe da shi. Su biyun suka haɗu wajen wani suna, suka raba goro, kafin a shafa fatiha an gama magana. Alhaji zai karɓi samari biyu na Garou, irin sababbin nan masu wuyan turmi da ke son zaman gari. Shi kuma zai ba da ɗan kawuna, ya je ya kula da wata gonar albasa a bakin gulbi, ya riƙa tuɓe wa Garou riga. Lokacin ya doshi arba'in, gwiwarsa ta hagu ta fara ba da labarin ruwa tun hadari bai taso ba. Ba wanda ya tambaye shi. Daga bakin mai fura ya ji, da tsakar rana, da buhu a kafaɗa. An ce sai da ya kai buhun cikin kamiyo, ya gyara masa zama, sannan ya dawo ya ce ta maimaita.

Na je na tarar da shi yana ɗaure tabarma da walkinsa a bayan keke. Ban san abin da ake faɗa a irin wannan wuri ba, don haka na fake a bayan lissafi.

"An ba da kai ɗaya an karɓi biyu, Buhu. Ko a ajin farko wannan daraja ce."

"Mushe bawa," ya ce, yana jan igiya da haƙori, "tsohon jaki ma ana ba da shi a amso 'yan awaki biyu. Riƙe man nan."

Na riƙe. Garou ba nisa gare ta ba, mai keke na iya zuwa ya dawo kafin azahar. Duk da haka na tsaya ina kallon bayansa kamar wanda zai tafi Makka a ƙasa.

Mutanen Garou sun karɓe shi da mutunci. Da na kai masa ziyara ya ja ni gona ya nuna mini wani abu fari kamar ƙwallon auduga a kan tsinke, ya ce in faɗi sunansa tunda ni ne mai ilimi. Na kasa. Furen albasa ne, wanda ake bari don iri. Shekara ashirin yana ɗaukar albasa a kafaɗa bai san tana fure ba, ni kuma na zana ta a allo sau da yawa ban gane ta a tsaye ba. Ranar na koma gida da tunanin cewa zai saba.

Wajen wata huɗu da tafiyarsa, tun shinkafa ba ta fara nuna ba, ya zo lakwal lokacin da yara suka fita shan iska. Bai taɓa shiga harabar ba, yakan ce warin alli na sa shi atishawa. Ya ja ni inuwar bishiyar bedi, ya zaro wani ɗan kwali daga aljihu. Akwai takarda a ciki, ninki a kan ninki, da rubutun Faransanci ƙanana kamar ƙwan kiyashi.

"Karanta man wanga."

Na karanta. Da zan so in ce ban gane ba, amma Faransancina yana da kyau, da shi nake taƙama a gari. Takardar ta faɗi abin da maganin ke yi wa tsoka, ta kuma faɗi abin da yake yi wa hanta da ƙoda da zuciya, har da halin mutum. Na fassara masa duka, na ƙara da nawa, da muryar da nake yi wa iyayen yara magana.

Ya bari na gama. "Wa'azi nat tambaye ka? Guda nawa, kuma wane lokaci?"

"Buhu, kai ba ka buƙatar wannan."

"An haɗa ni da babban yaran nan biyu da anka amsa wurina. In an yanke shinkafa. Gaban Alhaji, gaban 'yan kasuwa duka." Ya shafa gwiwarsa ta hagu. "Ban iya ɗaga shi, bawa. Na sani, kamar yadda nika sanin buhu tun ban taɓa shi ba. In ba ka gwada man ba sai in sha yadda mai sayarwa yac ce, shi kau cewa ya yi a sha da yawa."

Wannan ita ce hujjar da na yi shekaru ina ba kaina: da ban nuna masa ba, da ya sha fiye da haka. Hujja ce mai kyau, na sha juya ta ban sami ɓaraka a jikinta ba, sai dai ba ta taɓa sanyaya mini rai ba. Na ciro jan bik ɗin da nake gyaran jarrabawa da shi, na ja masa layuka a bayan kwalin, tunda shi da rubutu ba sa ga maciji: na safe a sama, na yamma a ƙasa. Aka kaɗa ƙararrawa, na koma aji na koyar da darasin kiwon lafiya.

A Garou aka yi wasan, a fadamar da aka gama yankan shinkafa, aka zuba rairayin gulbi. Mutane sun zo daga Madécali, sun zo daga Gaya ta kan gada, wasu a kwalekwale. Makaɗin garinmu ne ya yi kiɗa, don duk yankin babu kamarsa, kuma ganga ba ta da sansani. Da ɗan kawuna ya tuɓe riga sai na ga kafaɗun da ban sani ba, ni da muka yi wanka a gulbi ɗaya tun muna tsirara.

Ba a daɗe ba. Saurayin ya shigo da ƙarfi, ya yi ta turi, yana neman ƙafar hagu don an ba shi labarin gwiwar. Ɗan kawuna ya bar shi ya gama, ya rungume shi ta ƙugu, ya ɗaga. Fage ya ɗauki ihu. Ganga ta ce ɗora, ta ce ɗaure. Muka jira ya sunkuya yadda ya saba. Sai ya ƙara ɗaga shi, har bisa kai, ya maka shi da ƙasa. Ina kusa, na ji ƙarar ƙashi. Na busa usur na ɗaga hannunsa, hannun da zafi kamar na mai zazzaɓi. Jama'a suka ɓarke cikin fage, aka ɗauke shi a kafaɗa, ɗan takara ya miƙa masa makullin moto, Alhaji ya yi murmushin wanda ya sayar da albasarsa jiya farashi ya tashi yau. Har yanzu in ana hirar kokowa a rumfar mai shayi, da wannan kayen ake farawa. Kafaɗar saurayin ba ta sake komawa daidai ba. Bai ƙara dako ba, bai ƙara kokowa ba.

Shi ma ɗan kawuna bai ƙara ba. Ya ce gwiwa ce. Ya kwashi iyalinsa ya zauna Garou da albasarsa. Moton kuwa daga baya na gan shi a tasha, saurayin nan mai karkatacciyar kafaɗa yana kabu-kabu da shi. Ba wanda ya gaya mini yadda aka yi, ni ma ban tambaya ba.

Shekarun da suka biyo baya su suka fito da sakamakon jarrabawar. Masu wuyan turmi suka fara jerin gwano zuwa asibiti. Wani ƙafa ta kumbura, wani fitsari ya tsaya, wani ya daki matar da bai taɓa ɗaga wa murya ba. Akwai waɗanda muka kai makwanci iyayensu na tsaye. Liman ya yi huɗuba, likita ya tara iyayen gida, jandarma suka kwashe kwalaye daga kasuwa, kowa kuma ya gano cewa shi tun farko bai yarda da abin ba. Aka yi damina da dama ba a kafa fage ba.

Na riga na ajiye alli lokacin da aka ce za a farfaɗo da wasan. Wata safiya ina zaure ina sauraren rediyo sai ga makaɗi, ya tsufa ya rame, gemu fari fat. Na miƙa masa kujera ya ƙi, ya tsuguna yadda makaɗa ke yi ko a gidan wanda suka girma. Bayan gaisuwa ya ce wannan ne wasansa na ƙarshe, zai miƙa wa ɗansa ganga, kuma ba ya son ya miƙa ta da dauɗa. Duk wanda ya yi suna a shekarun ƙwaya ya cire shi daga jeri. Wannan bai ba shi wuya ba, don samarin nan ba su da wani tarihi kafin ƙwayar.

"Saura mutum guda, Mushe. Ɗan kawunka."

Na ce ai shekara ashirin ya yi yana kaye tun ba a san wani abu wai shi ƙwaya ba.

"Ni nak kaɗa mai su, ba sai ka karanta man ba. Shekara ashirin bai taɓa jefar da kaya ba. Ran nan ya jefar." Ya ɗago ido ya dube ni. "Usur na hannunka, jininka ne, kuma kai ka karanta takardun Nasara. Ya sha ko bai sha ba? Abin da kac ce, shi za ni kamawa."

Wanzami ba ya son jarfa. Rabin rayuwata ina yi wa mutane tambaya ina jiran amsa da jan bik a hannu, yau ni aka yi wa ɗaya. Na yi abin da 'yan ajina ke yi, na ce a ba ni lokaci in yi tunani. Ya ce zai dawo Alhamis.

Ba wanda ya san zancen kwalin sai mu biyu. In na ce bai sha ba, takensa zai zauna a ganga har bayan jikokinmu, kuma ba mai tuhumar tsohon Mushe. Na yi kwana biyu ina gina jimlolin da ba su kai ƙarya ba kuma ba su kai gaskiya ba, aikin da makaranta ta shirya ni dominsa sosai. Rana ta uku na hau motona na nufi Garou.

Na same shi cikin fangalin albasa yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Kafaɗun aro sun daɗe da komawa inda suka fito, sun kuma tafi da wani abu daga nasa na gaske. Idon sawunsa a kumbure yake, likita ya hana shi gishiri, abin da ya ɗauka a matsayin zalunci mafi girma da aka yi masa a duniya, har ya fi na Alhaji.

"Wa yam mutu?" ya ce. "Bawa ba ya zuwa gaida ubangidanai hannu wofi sai da mugun labari."

Muka zauna a bakin kwatar ruwa. Ya tuge albasa ɗaya ya ɓare, yana ci kamar goro. Na gaya masa duka.

"To mi kac ce mai?"

"Na ce zan yi tunani."

Ya yi dariya har da tari. "Kai da ba ka iya shiru ko cikin masallaci. Lallai abin ya kai."

"Zan iya cewa ban gani ba. Kuma gaskiya ne, ban ga ka haɗiya ba."

"Wanga shi ak karatun?" Ya tofar da ɓawo. Ya daɗe yana kallon ruwa na bin fangali ɗaya zuwa ɗaya. "Ina son takena, kar in yi ma ƙarya. In na ji shi har gwiwag ga takan manta da kanta. Amma ka san abin da ka damuna? Duk wanda nak kayar da can, na san ni nak kayar da shi, ina iya gaya ma nauyin kowane. Na ran nan ban sani ba. Ban ji nauyinai ba, bawa, kamar buhun ƙaiƙayi. Da nak kai shi sama na so in aje shi, wallahi na so, sai wani abu cikin ƙirjina yac ce jefa. Kuma shi ak kayen da kowa ka yaba man. In na shiga kasuwa shi aka tuna man."

Ya juyo ya dube ni.

"Gaya mai na sha. Wata ukku. Kak ka ƙara, kak ka rage." Ya nuna ni da guntun albasa. "Amma in za ka faɗi, faɗi duka. Har da wanda yaj ja layi da jan bik."

Na ɗauka ya manta da wannan, ko kuwa zai rufe shi da kunya irin ta dangi. Taubashi ba shi da wannan kunyar, ina jin don haka aka yi shi.

Ya zuba mini albasa rabin buhu, ya ɗaure a bayan moto da kansa, ya ja igiyar ya gwada, ya kwance ya sake ɗaurewa don na farkon bai gamshe shi ba.

Ranar Alhamis ban jira makaɗi ya zo ba, na bi shi gida. Na tarar yana jan tsirkiyar ganga a hantsi. Wannan karon ni na tsuguna. Na faɗa masa kwalin, da inuwar bedi, da layukan, na safe a sama na yamma a ƙasa, har da darasin da na koma aji na koyar. Ya saurara bai daina aikinsa ba.

"Kai ba ka da take, Mushe," ya ce a ƙarshe. "Da na cire."

"Shi fa?"

"Na ji abin da kac ce."

"Shekara ashirin, baba. Wata uku."

"Na iya ƙirga. Ganga ce ba ta iya ba. Ba ta san rabin mutum ba, ko ta kira shi ko ta bar shi." Ya ƙwanƙwasa fatar da yatsa, ya kara kunne. "Hannun ga ma ya saba, in ya zo wurin shi kaɗai ka tahiya. Sai ranar dai."

Na aika Garou cewa ba dole ne ya zo kallo ba. Aka dawo mini da amsa cewa bawa ba ya ba ubangida shawara, in zo in ɗauke shi a moto. Na same shi cikin rigar da ya yi idi da ita, da sabuwar hula, ya shafa turare. Muka zauna a bencin gaba inda tsofaffin 'yan wasa ke zama, ni a matsayin direbansa.

Makaɗi ya fito, ya fara daga can farko. Jikoki suka riƙa miƙewa don kakannin da ba su taɓa gani ba. Wani tsoho da aka riƙo ta hammata biyu ya ɗaga hannu da kansa, mata suka yi guɗa. Na san jerin kamar haddar sau biyu. Saura mutum uku, saura biyu. Ɗan kawuna ya gyara hula, ya dafa gwiwoyinsa yadda mai ciwon ƙafa ke shirin tashi.

Sandar kiɗa ta tashi sama, ta tsaya. Na ga hannun tsohon yana son sauka, shi kuma ya riƙe shi. Ya bar wurin a buɗe daidai tsawon bugu uku, fage tsit, har ana jin kamiyo na hawa gada. Sannan ya sauke sandar a kan taken wani.

Ban san lokacin da na fara miƙewa ba. Ina jin na kai rabi sai wani hannu ya kama bayan rigata, ya mayar da ni kan benci a hankali, kamar ana tsoron in ƙuje.

"Zauna, bawa. Ban mutu ba tukuna."

Ya kalli wasan har ƙarshe. Ya soki ƙafar wannan, ya yaba ƙugun wancan, ya ce yaran yanzu ƙanana ne amma jikin nasu ne. Mutane da yawa sun zo sun gaishe shi, ba wanda ya ambaci komai. Ni ma an gaishe ni, Mushe, Mushe, da hannu biyu. Takardar yabon da aka ba ni ranar da na bar aiki tana nan rataye a zaure, ba wanda ya zo cire ta. Ɗan makaɗin ya gaji gangar yadda ya ji ta ranar, da gurbin a ciki, yara masu tasowa suna zaton wurin numfashi ne.

Kafin magariba na ɗauke shi zuwa Garou. Hanyar ta lalace, ina tafiya sannu saboda ƙafarsa, shi yana bayana ya dafa ni. Mun wuce gonakin shinkafa. Can na ji yatsunsa suna motsi a kan kafaɗata, uku, ɗan shiru, uku, ɗan shiru. Ba na jin ya san yana yi. Na ƙara rage gudu don kada ramuka su katse shi.

"Mushe bawa," ya ce ta bayan kunnena, "in haka za ka tuƙi, sauka in goya ka mu isa da wuri."